Jar Gorar Kulu

A layinsu a Kusada Kulu uku ne, don haka in ana maganar matar Malam Amiru sai an ƙara da "mai gora" kafin a san wadda ake nufi. 'Yar Kunduru ce, can ƙasar Kankiya, gidan manoman gyaɗa, inda yarinya ke iya matsar tunkuza tun ba ta iya ɗaurin ɗankwali ba. Aure ya kawo ta Kusada tun kafin a raba Katsina da Kaduna. Gajeriya ce, mai saurin tafiya, mai ƙarancin magana, kuma Allah Ya ba ta hannun da ba ya kuskure gishiri. Ba ta taɓa yin abincin sayarwa ba. Amma duk ranar da ta saki ɗan wake, sai ka ga maƙwabta sun tuna suna da gaisuwar da ba su kawo ba.

Sunan gorar kuwa daga ɗan waken ya samo asali. Shi ɗan wake ba ya son shisshigi, kowa da iyakar man da yake so da iyakar yajinsa. A gidan Kulu, kamar kowane gida a lokacin, man gyaɗa a kwano yake da cokali a ciki, yaji a gwangwani. Yau yaro ya kifar da man, gobe kaza ta taka yajin, jibi cokalin ya yi ɓatan dabo. Ran nan abin ya ishe ta. Ta samo robobin lemo guda biyu, ta wanke su da toka da ruwan zafi, ta sa basilla a wuta har ta yi ja, ta huda murafen. Ta cika ɗaya da soyayyen mai, ɗaya da yaji. Ka matsa, abin da kake so ya fito, ka ajiye, ba ƙuda ba ɓarna. Matan layin suka yi ta dariya, wai Kulu ta mai da tsakar gida shagon mai magani. Kafin kaka ta zagayo, duk mai dariyar nan ta zo aron basilla.

Daga baya 'yarta Haulatu, wadda ke aure a Kano, ta kawo mata tsarabar wasu goruna biyu masu laushi da tsinin baki, irin waɗanda aka yi don wannan aikin, ja da rawaya. Rawayar ta mai ce, jar ta yaji. In sun yi ƙasa sai ta wanke su, ta kife a kan danga su sha rana, ta sake cikawa. Shekara da shekaru suna nan a kan faifai kusa da tabarmar maigida, har jar ta koɗe ta koma kalar makuba.

Shi Malam Amiru dogo ne, manomi, mai kai gero da gyaɗa kasuwar Kankiya, kuma mai baki. Ya sha cika baki a majalisa cewa da harshe kawai zai bambance barkonon Rimaye da na Bauranya. Ba wanda ya taɓa gwada shi, don ba wanda ke da lokacin jin bayanin da zai biyo baya. Duk ranar da Kulu ta daka sabon yaji, ƙa'ida ce ta kawo masa jar gorar kafin kowa ya taɓa. Sai ya matsa kaɗan a tafin hannu, ya lasa, ya lumshe ido kamar alƙalin da ke nazarin shari'ar gado. Can sai ya buɗe ido ya ce, "Da sauranki, 'yar Kunduru."

Ita kuma ta ce, "To, Malam, Allah Shi kai mu ranar da za ni iya."

Daga nan sai ya cinye kwano biyu ya nemi ƙari. Wasu mazan da turmin atamfa suke faɗin abin da ke ransu, shi da wannan ƙorafin yake faɗin nasa, ita ma ta sani sarai. Kulu ba ta da dogon buri a duniya. Abin da take roƙo a bayan kowace salla shi ne, duk wanda ya riga wani tafiya a cikinsu, su rabu Malam yana mai yarda da ita. Haka uwarta ta koya mata a Kunduru, haka ta riƙe.

Wata damina, yana tsakiyar noman maimai, fartanya ta suɓuce daga hannunsa, ya bi ta ƙasa. A amalanke aka kawo shi gida, daga nan aka wuce da shi asibiti a Kankiya. Aka ce hawan jini ne, ya shanye masa ɓarin dama. Da aka sallamo shi bakinsa ya karkace, maganar tana fita da ƙyar, amma hankalinsa garau. Likita ya kafa doka: ba gishiri, ba magi, mai sai ɗan abin da ba a rasa ba. Yajin Kulu kuwa gishiri da magi su ne ƙashin bayansa.

Wanda ya kawo dokar gida shi ne Zainul Abidin, ɗansu na fari, ma'aikaci a sakatariyar Kankiya. Kada a zalunce shi, ɗa ne nagari. Shi ya yi jinyar uban a asibiti, shi ya ga yadda aka fitar da gawar wani mai irin ciwon daga gadon da ke kusa, kuma tsoron bai sake shi ba. Ya shigo tsakar gida ya ɗauki gorunan biyu daga kan faifai, ya durƙusa nesa da uwarsa.

"Inna, likita ya ce na farko gargaɗi ne, na biyu ba ya barin mutum. Don Allah kada Baba ya ƙara ɗanɗana abin da ke cikin gorunan ga. Amana na bar maki."

Da Haulatu ce ta faɗi haka, da Kulu ta ja da ita. Amma ɗan fari ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa tsayawa ta dube shi ido cikin ido ba, in za ta ambace shi sai ta ce "mutumin Kankiya". Ina ta ga bakin musu da shi? Ta kalli bango ta ce, "An ji." Ta karɓi gorunan ta sa su cikin wata tsohuwar tukunya a madafa, ta rufe da faifai.

Ranar farko da ta kai wa Malam tuwo da miyar kuka lami, loma ɗaya ya yi ya tofar.

"Mi ne ne wannan? Tsumma kika dafa mani?"

Ta ba shi haƙuri. Ta yi fate, ya ce ƙasa ce. Ta dama kunun tsamiya, wanda shi dama ba ruwansa da gishiri, ya kurɓa ya ce ruwan wanki ne. Haulatu ta aiko da dabino mai laushi, ya tauna ɗaya ya ce an cuce ta, tsohon ajiya ne. Har goron da abokansa ke kawo masa in sun zo dubiya, sai ya gutsura ya ajiye ya ce goron yanzu ba goro ba ne. Kowa ya ɗauka rigimar ciwo ce, ita ma haka ta ɗauka. Mutumin da ya saba da ƙorafi yana lafiya, wa zai yi mamaki don ya yi shi yana kwance?

Kulu ta daina daka yaji a gidan gaba ɗaya, don kada ƙamshin ya riƙa kai masa. Ita ma ta koma cin lami, daga kwanon da ya bari. Ba wanda ya sa ta. Ta dai ga ba za ta iya haɗiye abu mai daɗi ba yana ɗaki yana jin ƙarar cokali.

Da farko da faɗa yake neman gorar. Da faɗan bai yi ba, ya koma gori. In 'yan dubiya suka zo sai ya ce, da karkataccen bakin nan, "Ɗana ya zama ubana, matata ta zama dogarinsa." Su yi dariya don su rage abin, ita tana bayan ƙofa tana jin kamar an watsa mata ruwan zafi. Ya daina ce mata 'yar Kunduru, ya koma "ke". Daga baya gorin ma ya ƙare, ya koma roƙo, kuma roƙon ne ya fi ci mata rai. Mutumin da bai taɓa roƙon kowa komai ba a kasuwar Kankiya, ga shi yana kama bakin zanenta da hannun hagu.

"Sau ɗaya, Kulu. A tahin hannu kawai. Wa zai sani?"

Ta ce, "Allah zai sani, Malam." Ta fita ta shiga madafa ta yi kukanta, hayaƙi ya ɗauki laifin.

Aka yi girbi, aka cika rumbu da geron da bai gani ba. Cin abincinsa ya koma cokali uku, wani lokacin biyu. Damatsan da ke ɗaga buhu suka koma kamar karan dawa. Zainul Abidin yana zuwa duk ƙarshen mako da ayaba da lemo da wata na'ura da yake ɗaura wa uban a dantse. Ya duba ya yi hamdala, ya ce, "Inna, jinin ya sauka." Jinin ya sauka kam, amma mai jinin ma sauka yake yi, kuma na'urar ba ta da wurin nuna wannan. Kulu ta kasa faɗa masa. Ta bi ta hannun Haulatu, ta ce a gaya wa mutumin Kankiya ko za a ɗan sassauta. Saƙon da ya dawo shi ne Zainul Abidin ya fashe da kuka a waya, ya ce so ake ya haƙa kabarin ubansa da hannunsa? Shi ke nan maganar ta mutu. Gaba kura baya sayaki: a ba shi ya tafi, a hana shi ya tafi.

Wata safiya Malam ya ƙi komai. Ya datse baki, ko ruwa sai da ta yi da gaske. Da hantsi ya ɗago kai ya kira ta da murya ƙasa-ƙasa, ba faɗa ba gori.

"Kin san abin da ya hana ni tahiya har yanzu? Gorar ga ce. Kullum in na rufe ido ina jin ta a bakina. Na san da na lasa sau ɗaya cikina zai buɗe, in ci abinci, in tashi. Ita nike jira, ba komi ba. In kin tabbata ba za ki kawo ba, ki faɗa mani yau in daina wahal da kaina."

Kulu ta tashi ta jawo turmi.

Ranar ba ta yi ƙwauron komai ba. Barkonon da ta shanya da hannunta, ƙuli-ƙuli sabo, citta, masoro, kanumfari, tafarnuwa, gishiri da magi yadda ta saba. Ta daka, ta tankaɗe, ta sake dakawa. Atishawa ta kama gidan maƙwabta, wata ta leƙo ta kan katanga ta ce, "Kulu, halan maigida ya warke?" Kulu ta ci gaba da aikinta. Ta soya mai da albasa, ta saki ɗan wake, ta fito da gorunan daga tukunya ta wanke ta cika su har wuya. Ta san amana take ci, kuma ta san mai yiwuwa ajalinsa take ɗauke da shi a kan faifai. Amma ta gwammace ya tafi da daɗi a baki da ya tafi yana roƙo.

Da ya ga jar gorar sai fuskarsa ta yi wani haske da rabon ta gan shi tun ranar gona. Ya shimfiɗa tafin hagu, ta matsa masa. Ya lasa. Ya lumshe ido. Kulu ta tsaya tana jiran kalmomin nan da ta yi kewa, har ta shirya amsarta.

Ya daɗe bai buɗe idon ba. Da ya buɗe, ba zolaya a cikinsu.

"Mi kika zuba a ciki?"

"Yaji ne, Malam. Yanzu na daka."

Ya fizge gorar, ya matsa ta a kan ɗan waken har kwanon ya yi jawur, ya tsiyaya mai, ya kai loma baki. Ya tauna. Ya ƙara wata. Gumi ya tsattsafo masa a goshi, amma shi ko a jikinsa. Ya ture kwanon.

"Toka ce. Jan gari kika cika mani gora da shi, ba gishiri ba komi. Yaron ga ya koya maki dabarar, ko? A lallashe ni kamar ɗan yaye?"

Kulu ta dangwali abin da ya zuba a gefen kwanon ta sa a harshe. Bayan watannin lami, sai ta ji kamar an kunna mata wuta a baki. Komai ya ji, komai ya zauna daidai. Tun da ta zo Kusada ba ta taɓa daka yajin da ya kai wannan ba. Tana tsaye da yatsa a baki sai abubuwa suka riƙa dawo mata ɗaya bayan ɗaya: kunun tsamiya, dabinon Haulatu, goron abokai. Ashe ba rigima yake yi ba, gaskiyarsa yake faɗa tun ranar farko. Ciwon da ya ɗauke masa hannu da ƙafa ya haɗa da harshen ya tafi da shi, ba wanda ya lura, har shi kansa.

Ta dube shi. Ɗazun nan ya gaya mata abu ɗaya ne ke riƙe da shi a duniya. In ta faɗa masa gaskiya, ta gaya masa ke nan abin da yake jira babu shi, ba a gorarta ba, ba a gorar kowa ba, har abada. In kuma ta amsa laifin da ba ta yi ba, ta zama maha'inciya a idon mutumin da ba ta taɓa ɓoye wa ko ƙwayar gyaɗa ba, amma zai ci gaba da jira. Mai jira kuwa yana shan kunu.

Ta durƙusa ta ce, "Ka yi haƙuri, Malam. Tsoro na ji, na rage kayan. Na gaba za ni sa komi."

Ƙaryarta ta farko ke nan a gidan. Ya kalle ta kallon da ya fi duka ciwo.

"Na zaci haka daga kowa, ban da ke."

Ya juya fuska. Can an jima, ba tare da ya waiwayo ba, ya ce, "Miƙo kunun. Zan jira na gaban."

Ya sha rabin kofi, abin da bai yi ba a makonni. Kulu ta riƙe masa kofin, hawaye na ɗiga a gwiwarta.

Haka suka rayu har sanyi ya wuce, zafi ya shigo. Duk bayan 'yan kwanaki sai ya tambayi gorar, ta cika ta kawo, ta matsa masa a tafin hannu ɗan abin da ba zai cutar ba, ya lasa, ya ce ta sake cutarsa. Ta ce ya yi haƙuri, na gaba. Ya yi fushi, ya sha kunu, ya jira. Zainul Abidin ya ga uban ya ɗan ƙara cin abinci, ya yi murna, ya ce wa Haulatu ai ga amfanin bin doka nan. Kulu ba ta gaya wa kowa ba. Wa za ta gaya wa? Ɗan ta ci amanarsa, mijin tana yi masa ƙarya, kuma duk don su biyun take yi. Ta rame ita ma, saurin tafiyar nan ya tafi. Matan layin suka ce jinya ce.

Dabarar ta saya masa watanni, ba ta saya masa lafiya ba. Ana gab da saukar ruwan farko, gari ya ɗaure da zafi, jikinsa ya rikice. Wata ranar Laraba da hantsi ta ga alamun da duk wanda ya yi jinyar tsoho ya sani. Ta aika a kira mutumin Kankiya. Kafin ya iso ta zauna kusa da kan Malam, ta yi abin da ta daɗe tana tsoron ranarsa.

"Malam, mun daɗe tare. Duk abin da na yi maka, wanda na sani da wanda ban sani ba, ka yafe mani."

Ya buɗe ido da ƙyar. Maganar tana fita ɗaya-ɗaya, amma ta ji kowace.

"Na yafe maki komi, Kulu. Ke mace ce ta gari." Ya ja numfashi. "Ban da gorar ga. Ita ban yafe ba. Kin ga ina roƙo, kika yi ta yi mani wasa."

Gaskiyar ta taso mata har maƙogwaro. Kalmomi kaɗan ne, ta faɗe su ta sami abin da ta yi shekaru tana roƙo a bayan kowace salla. Ta buɗe baki. Sai ta ga hannun hagun nan yana lalube a kan tabarma, ya shimfiɗa tafin a hankali, kamar yadda ya saba.

"Amma in kin kawo ta gaskiyar," ya ce, "ko gobe ne, sai in yafe."

Idonsa yana kanta, kuma har a lokacin akwai sa rai a cikinsa. Ta kasa kashe masa wannan sa ran. Ta sa hannunta a cikin tafin nasa ta ce, "Gobe, Malam. Da safe za ni daka."

Ya gyaɗa kai, ya lumshe ido. Bai kai la'asar ba.

Ranar addu'ar uku Zainul Abidin ya shigo cikin gida ya durƙusa nesa da ita, idonsa jawur. Ya ce, "Inna, Allah Shi saka maki. Kin riƙe amana. Da ba don ke ba da tuni mun rasa shi." Ta kalli bango ta ce, "An ji."

Kulu tana nan a Kusada har yanzu, a ɗakin nan dai. Rawayar gorar ta ba wata maƙwabciya. Jar tana rataye a ƙusa kusa da ƙofa, a cike, da yajin da ta tashi ta daka washegarin rasuwar, mutane na zaman makoki suna mamakin ƙarar turmi. Ta yi alkawarin gobe, ta cika. Ba ta ƙara daka wani ba, ba ta kuma ƙara sa gishiri a abincinta ba. Malaman unguwa da suka ji tana yawan tambaya a kan mijin da ya rasu bai yafe ba sun gaya mata Allah Yana duba zuciya, ta ce ta yarda. Ta yarda ɗin, amma ba daga bakinsu take son ji ba.